Mutum ɗaya sau bakwai cikin hoto ɗaya: yadda ake yinsa da abin da ke mayar da shi aikin fasaha

Tambaya daga wani matashi mai koyon ɗaukar hoto a Argungu: Malam, na ga wani hoto da ya tsaya mini a rai. Mutum ɗaya ne ya fito sau bakwai a ɗaki ɗaya, wannan na zaune, wancan na tsaye bakin taga, wani na zuba shayi, kuma duk fuska ɗaya. An ce aikin wani mai fasaha ne a Turai, har a gidajen baje kolin zane ake rataye irinsa. Abokina ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi, yayana kuma ya ce wasan yara ne da kwamfuta. Yaya ake yinsa? Zan iya da wayata? Kuma don me ake kiransa fasaha?

Amsa: Ƙanena, za ka iya da wayarka, yau ɗin nan ma in ka so. Abokinka bai canka ba, domin wannan dabara ta girmi ƙirƙirarriyar basira, ta girmi kwamfutar kanta da gomman shekaru. Yayanka kuwa yana da rabin gaskiya. Mafi yawan irin waɗannan hotuna da ke yawo a Facebook da TikTok wasa ne, a yi dariya a wuce, kuma babu laifi a wasa. Koyon haɗa hoton yini guda ya ishe ka. Abin da ke cin shekaru shi ne samun dalilin da zai sa fuska ɗaya ta maimaitu, dalilin da in aka cire shi hoton zai rushe.

Tun 1857 wani mai hoto ɗan asalin Suwidin da ke zaune a Ingila, Oscar Rejlander, ya haɗa hoto guda daga nagetif (asalin ɗaukar da ake buga hoto daga gare ta) fiye da 30, yana buga su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda ɗaya a ɗakin duhu. Daga baya masu situdiyo suka gano dabarar madubi: a jingina madubai biyu su yi kusurwa, mutum ya zauna ya ba kyamara baya, sai ya fito su biyar kamar suna zagaye da tebur suna shawara. Akwai sanannen hoton mai fasahar nan ɗan Faransa, Marcel Duchamp, da aka yi ta haka a Niyok a 1917. Mu ma nan Arewa, zamanin fim, masu hoto suna yi. A rufe rabin gilashin kyamara da baƙin kwali a ɗauki mutum a dama, a juya kwalin a sake ɗaukarsa a hagu a kan fim ɗin nan dai ba tare da an gusa shi ba. In ka binciki tsofaffin albam na gidanku za ka iya cin karo da budurwa tana zaune kan kujera, ga ta kuma tsaye a bayan kanta.

Amma misalin da na fi son ɗalibai su riƙe daga ƙasar Yarbawa ya fito. Ka san an shaide su da yawan haihuwar tagwaye, kuma a al'adarsu ta gargajiya in ɗan tagwai ya rasu ana sassaƙa ɗan gunki ya tsaya a madadinsa. Wani mai bincike Ba'amurke, Stephen Sprague, da ya yi aiki a garin Ila-Orangun ya wallafa a 1978 cewa hoto ya fara maye gurbin sassaƙar. Uwa za ta kai wanda ya rayu wurin mai hoto, a buga nagetif ɗinsa sau biyu a takarda ɗaya, sai ga yara biyu zaune kusa da juna. In tagwayen mace da namiji ne, a ɗauki mai ran sau ɗaya da kayan maza, sau ɗaya da kayan mata. Wannan ba al'adarmu ba ce, kuma ba cewa nake a kwaikwaya ba. Abin da nake so ka lura da shi, babu wanda zai kalli wannan hoto ya ce wasa ne. Dole fuskar ta zama ɗaya, domin ɗayan ba ya duniya. Mai hoton ƙauye da ba a taɓa rataye aikinsa a wani gidan baje koli ba ya riga ya amsa tambayar da manyan masu fasaha ke ta fama da ita.

Kwamfuta ba ta ƙirƙiro komai ba a nan, sauƙi ta kawo. Photoshop ya fito a 1990, kuma a 1994 aka ƙara masa tsarin leya, wato a ɗora hoto kan hoto kowanne yana zaman kansa. Kafin nan wanda ya ninka kansa biyu, kamar yadda Jeff Wall na Kanada ya yi a 1979, ya yi babban aiki. Bayan leya sai ya zama ashirin ma mai yiwuwa ne, ɗari ma haka. Shi ya sa ƙarshen shekarun 1990 ya cika da masu wannan salo.

Paul M. Smith ɗan Birtaniya ya yi aikin soja kafin ya shiga fasaha. A jerin hotunansa na 1997 mai suna Artist Rifles, shi ne kowane soja a fagen daga: mai harbi, wanda aka harba, masu ɗaukar gawa. Soja dai an yi masa aski iri ɗaya da na kusa da shi, an ba shi kaki iri ɗaya, an koya masa tafiya iri ɗaya, har ya zama in ya faɗi wani zai cike gurbin ba a ga bambanci ba. Smith ya ɗauki wannan ya kai shi maƙura. Anthony Goicolea a Amurka ya mayar da kansa garken yaran makarantar kwana cikin yunifom, wasu na cin zalin wasu, kuma abin da ke tayar da hankali shi ne mai zaluncin da wanda ake zalunta fuskarsu ɗaya. Martin Liebscher na Jamus shi yawa ya sa a gaba. Yakan cika katafaren zauren kiɗa ko gidan caca da kansa, ɗaruruwa, kowanne da abin da yake yi, a buga hoton da faɗin da sai ka taka daga wannan gefe zuwa wancan kafin ka gama kallo. Ni aikinsa yana burge ni ta fuskar haƙuri da ƙwarewa, amma ba ya daɗewa a zuciyata kamar na Smith. Akwai kuma Cornelia Hediger 'yar Suwizalan, wadda ba ta ɓoye ɗinkin ba sam. Takan yanka wurin gida-gida, ta jera hotunan da layin da ya raba su a fili, ita da ɗayar ita suna kallon juna kallon rashin yarda. Ta nuna cewa ba dole ba ne haɗin ya yi sumul kafin aiki ya yi ƙarfi.

A nahiyarmu ka nemi aikin Omar Victor Diop, haifaffen Dakar a 1980. A jerinsa mai suna Liberty, na tsakanin 2016 da 2017, ya sake tsara ranakun da baƙar fata suka yi bore ko aka zubar da jininsu: kisan sojojin Afirka ta Yamma da Faransawa suka yi a sansanin Thiaroye na Senegal a 1944, tattakin Selma a jihar Alabama ta Amurka a 1965, boren ɗaliban Soweto na Afirka ta Kudu a 1976. Inda ake buƙatar jama'a sai ya ninka kansa ya zama jama'ar. Inda labarin na mata ne, kamar boren matan Ibo na 1929 a nan Najeriya, wata abokiyar aikinsa ce ta tsaya. Abin da na fahimta daga aikin shi ne, wanda aka kashe a Senegal da wanda aka daka a Alabama da yaron Soweto duk mutum ɗaya ne a idon mai zaluntarsu, kuma Diop ya karɓi wannan ya ce to, ni ne su. Kafin shi akwai Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kamaru a 1962, ya yi ƙuruciya a gabashin Najeriya lokacin yaƙin basasa, ya buɗe situdiyo a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13. Shi ba ya cika cusa kansa da yawa a hoto ɗaya, sai dai ya zama mutane daban-daban daga hoto zuwa hoto, amma duk mai son ɗaukar kansa da kansa a Afirka ya kamata ya san shi.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, kuma shi zan ba ka. In ka tsara hotonka a ka, tambayi kanka: da zan kira abokaina shida su tsaya a wuraren nan, me hoton zai rasa? In amsar ita ce babu abin da zai rasa sai mamakin da mai kallo zai yi, to dabara ce kawai ka nuna, kuma mamaki ba ya wuce daƙiƙa biyar. In kuwa ma'anar za ta tafi gaba ɗaya, ka kama hanya.

Bari in kawo shi gida. Ka ɗauki majalisar ƙofar gidanku, bencin nan da kuke zama bayan la'asar ku bakwai ko takwas. Yanzu wani yana Legas yana acaba, wani yana Abuja wurin gini, wani ya bi ta Agadas, wani ya yi aure ya daina fitowa. In ka zauna a mazaunin kowannensu, ka yi irin zamansa, mai miƙe ƙafa, mai karkata hula, mai riƙe da rediyo, duk wanda ya san majalisar zai gane su ɗaya bayan ɗaya, kuma zai gane cewa kai kaɗai ka rage. Abokai ba za su iya tsaya maka a wannan hoto ba, tunda rashinsu ne maganar. Ko ka dubi fadamar shinkafa: matashin da shi ne mai dashe, shi ne mai jan injin ban ruwa, shi ne mai korar tsuntsu, shi ne mai bugu, shi ne mai ɗora buhu a kan babur, domin babu kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago. Na san abin da zai fara zuwa ran ɗan Argungu shi ne ya cika Matan Fada da kansa, kowanne da homa da gora kamar ranar bikin kamun kifi. Ajiye wannan tukuna. Ruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowane ɗauka da irin igiyarsa da irin ƙyallinsa, kuma haɗa su sai wanda hannunsa ya faɗa. Fara da mutum uku a busasshiyar ƙasa.

Yanzu yadda ake yi. Sharaɗi na farko, kyamara ba za ta motsa ba ko kaɗan daga hoton farko har na ƙarshe. In kana da sitan mai ƙafa uku, ka kafa shi a ƙasa mai tauri, ka rataya masa jaka mai nauyi don iska. In babu, ka cika kwano da yashi ko gero ka dasa wayar a ciki, ka ɗora a kan turmi ko bulo. Kada ka dogara da taima kaɗai, wato ƙirgen daƙiƙu da waya ke yi kafin ta ɗauka da kanta, domin duk lokacin da ka taɓa fuskar wayar ka ɗan gusa ta. Ɗan rimot na bulutut da ake sayarwa tare da sandar salfi ya wadatar, kuma a wayoyi da yawa maɓallin ƙara sauti na iyafis mai waya yana ɗaukar hoto. In ƙaninka ne zai danna maka, ka ja masa kunne kada ya jingina da komai.

Na biyu, ka kulle haske da fokas, wato wurin da kyamara ke fito da shi tas. Waya tana da son gyara wa kanta: ka shigo da farar riga ta rage haske, ka koma lungu ta ƙara, sai bango ya fito kala uku a hotuna uku. A yawancin wayoyi in ka danna wuri ka riƙe za ta kulle. In tana da tsarin da kai ke saita komai da hannu, ya fi. Kashe duk abin da ke gyara fata da wanda ke dusashe bayan mutum.

Na uku, kuma nan mutane suka fi faɗuwa, ita ce rana. Tana gusawa kimanin digiri 15 a kowace awa. In ka fara da hantsi ka tsaya canza kaya da hira har azahar ta kusa, inuwar na farko za ta miƙe doguwa ta nufi yamma, ta na ƙarshe ta taru a gindinsa, kuma ko wanda bai san komai a hoto ba zai ji akwai abin da bai zauna ba. Ka shirya kayanka a jere tun kafin ka fara, ka gama cikin minti ashirin ko ƙasa da haka. Inuwar zaure ko ƙarƙashin rumfa ta fi tsakar rana sauƙi. Lokacin hunturu, ranar da hazo ya rufe sama, haske yakan yi laushi, inuwa ta kusa ɓacewa, kuma a wurina babu lokacin da ya kai shi daɗin wannan aiki a ƙasar Kabi. In a ɗaki ne, kada ka dogara da ƙwan lantarki, domin ana iya ɗauke wuta kana tsakiya, na janareto kuma haskensa hawa da sauka yake. Hasken taga ya fi aminci.

Kafin ka shiga, ɗauki wurin babu kowa. Wannan hoton shi ne gindin aikin, shi za ka koma wa duk inda wani abu ya ɓaci. Sannan ka sa alama a ƙasa da ƙananan duwatsu inda kowanne zai tsaya, don kada biyu su hau kan juna ba da niyya ba.

Sai ƙananan abubuwan da ke tona asiri. Tabarma takan gusa in ka tashi, sai zanenta ya karye a wurin haɗi. Katifa ko kushin da ka zauna yakan lotsa, kuma lotsawar tana cikin hoton wanda ya zauna, dole ta biyo shi. A kan rairayi kowace shiga da fita tana barin sawu, don haka ka fara da na can nesa ka riƙa matsowa, ko ka share da tsintsiya tsakanin ɗauka da ɗauka. Butar shayi in ɗaya ya ɗaga ta, kada a gan ta kuma a kan gawayi. Ido ma haka. In biyu za su kalli juna, kafa sanda a inda ɗayan zai kasance, ka ɗaura tsumma daidai tsayin idonsa, ka kalli tsumman. In ba haka ba za su fito suna kallon iska, kowa a duniyarsa. Taɓa juna shi ne mafi wuya. In kana son ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya, nemo wani mai irin jikinka ya sa rigar ya zauna ka dafa shi da gaske, don yatsu su nutse cikin yadi yadda ya kamata, sannan ku yi musanya, daga baya ka ɗauki rabi daga nan rabi daga can.

Wurin haɗawa, ka buɗe hotunan duka a matsayin leya, wanda babu kowa a can ƙasa. Ka ɗauke su kamar zannuwa da aka shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, kana huda na sama don na ƙasa ya leƙo. Kada ka yi amfani da magogi, domin abin da ka goge ya tafi. Akwai abin da ake kira mas: ka shafa baƙi wuri ya ɓuya, ka shafa fari ya dawo, ka yi ta gyara har ka gamsu. Yi amfani da burushi mai laushin baki, kuma kada ka bi gefen jiki kana yanka kamar da almakashi. Tunda bangon iri ɗaya ne, ka buɗe mutum tare da ɗan filin da ke kewaye da shi da inuwarsa gaba ɗaya. Mutumin da aka manta da inuwarsa yawo yake a sama. Inda inuwar wani ya kamata ta faɗa a jikin wani, nan ne za ka zauna ka duhunta da hannu a hankali. Photoshop na kuɗi ne duk wata, GIMP kyauta ne a kwamfuta, Photopea yana aiki a cikin burauza, a waya kuma Snapseed da PicsArt suna iya haɗa mutum biyu ko uku. Ajiye fayil ɗin da leyoyinsa a rabe, kada ka tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya kashe ingancinsa.

Duk wannan in ya yi daidai, saura wasan kwaikwayo, kuma shi ne rabin aikin. Bakwai ɗin nan kada su zama mutum ɗaya da ya canza wuri kawai. Kowanne ka san me yake tunani, wa yake jin haushi, wa yake jin kunya. Kafaɗa da wuya da yadda aka ajiye hannu sun fi canjin riga faɗar wane ne mutum.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, saboda inda muke. Kada ka kwaikwayi Paul Smith a nan. Kada ka sa kaki, kada ka naɗa rawani ka rufe fuska ka riƙe ko da bindigar roba ce a bakin daji ka ninka kanka goma. Shi a gidan baje koli ya rataye nasa, da sunansa da bayani a gefe. Naka cikin awa guda zai fita daga hannunka ya shiga guruf-guruf, wani ya ɗora masa murya ya ce ga 'yan bindiga an gani a kusa da gari kaza. Halin da ake ciki a Zamfara da wasu sassan Kebbi bai bar wurin irin wannan ba, kana iya tayar da ƙauye tsaye, kana iya jefa kanka hannun jami'an tsaro. Mutanenmu sun tashi da cewa gani ya kori ji, hoto a wurinsu shaida ne. Saboda haka ko wane iri ka yi, rubuta a ƙasansa cewa haɗi ne kuma duk kai ne. In wata rana ka shiga aikin jarida, ka sani can haramun ne a ƙara mutum ko a cire shi daga hoto, kuma manyan gasanni irin World Press Photo suna korar wanda aka kama da haka.

Game da maganar abokinka, gaskiya ne yanzu akwai manhajojin da za ka ba su fuskarka su zubo maka kai goma a kasuwa cikin daƙiƙa. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ya ƙi karɓar kyautar, yana cewa wannan abu da hoto ba ɗaya ba ne. Ina tare da shi a kan haka. A hoton majalisar da na kwatanta maka, kai ne ka zauna a kan bencin nan sau bakwai, a ƙofar gidan nan, da tsagar bangon da kowa a unguwa ya sani, kuma jikinka ne ya tuno yadda kowane aboki ke zama. Na'ura ba ta san su ba, abin da za ta ba ka matsakaicin zaman mutanen duniya ne.

In ka gama, kada ka bar shi a waya. A ƙaramin allo mutum bakwai kan zama ɗigo-ɗigo, a wuce su da yatsa. Kai shi wurin masu wanki a Birnin Kebbi ko Sakkwato a buga maka babba, aƙalla inci 16 da 20, a takarda marar ƙyalli don a iya kallonsa ta kowane gefe. Kafin ka biya kuɗin babban, sa a buga maka ƙaramin gwaji na wurin da haɗin ya fi yawa, domin takarda tana fito da layin ɗinki da bambancin kala da allon waya ke ɓoyewa, musamman a bango mai launi ɗaya da kuma gefen inuwa.